Ruwan da Aka Hana Chindo

Da yatsu shida aka haife shi a hannun hagu, shi ya sa aka kira shi Chindo. Ungozoma ta ɗaure ƙaramin yatsan da gashin wutsiyar doki har ya bushe ya faɗi, ya bar masa ɗan ƙullutu kamar ƙwayar wake. Ni Idrisa na san wannan ƙullutu tun muna rarrafe, don danga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu. Garinmu yana tsakanin Tibiri da Sae Sabuwa. Ba zan faɗi sunansa ba. Ba rufa musu asiri nake yi ba, bakina ne ba ya son ɗaukar sunan.

Abin da mutanen garin suka manta, ni ban manta ba, shi ne Chindo matsoracin wuta ne tun yana ƙarami. In muka kamo fara a gona, ni ke gasawa. Shi yakan tsaya can nesa ya miƙo hannu, yana cewa, "Idi, cire mini wadda ta yi ja." In tartsatsi ya tashi sai ya yi tsalle kamar ɗan akuya. Nakan ce masa, "Kai da wuta sai a lahira, can ma Allah ya raba ku." Yakan ce amin da ƙarfi.

Gab da ƙarshen mulkin Faransi aka zo ɗibar soja. Chindo dogo ne, ƙirjinsa da faɗi, bai iya ɓuya a bayan kowa ba. Aka tafi da shi. Da ƙasa ta samu mulkin kai yana Yamai. Aka sauke wata tuta aka ɗaga wata, shi kuwa aka bar shi inda yake, a filin jiragen soja, cikin 'yan kashe gobara waɗanda can ake kira pompiye. Da labari ya iso mini cewa Chindo ne aka sa kashe wuta, na yi dariya har na riƙe ciki.

Ya zo hutu bayan an yi girbi, muka zauna gindin gawo a ƙofar gidansu, gari ya taru. Kowa yana son ya ji yaƙi. Chindo ya ce aikinsu jira ne. Su zauna cikin jar mota a bakin fili, da kaya masu nauyi a jiki, rana tana dukansu, ido a sama. Jirgi ya taso, su bi shi da kallo har ya ɓace. Jirgi ya dawo, su bi shi da kallo har ya tsaya. Salla ma bi da bi suke yi, don kada motar ta zama babu kowa. Wata ya zo ya wuce ba abin da ya faru, sai gumi da ƙurajen zafi.

Mutane suka fara hamma. Sai Hambali maroƙi ya ce, "Haba ɗan sarkin noma, ba mu mai maiƙo mana. An ce ka shiga wuta."

Chindo ya ce sau ɗaya ne. Wani jirgi ya sauka, ƙafarsa ɗaya ta karye, ya ja ciki a ƙasa, mai ya zube, wuta ta tashi. Jiniya ta yi kuka, suka isa. Shi ne na gaba ran nan. Ya sa wata riga mai ƙyalli kamar azurfa, wadda ke rufe mutum daga kai har tafin ƙafa, ya shiga, ya yanke ɗamarar da ta riƙe matuƙin a kujera, ya jawo shi waje. Ya ce bai ga komai ba sai ja, kuma ya ji fitsari yana bin cinyarsa.

Aka yi dariya, aka ce ba'a yake yi.

Daga nan ya faɗi abu biyu, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe su duka biyun, don mutanen garinmu ɗaya suka riƙe. Na farko, ya ce wutar man jirgi ba a zuba mata ruwa, don man yakan hau kan ruwan ya bi shi, wutar ta ƙara yaɗuwa. Kumfa ake fesa mata ta shaƙe ta. Na biyu, ya ce ba wanda ke shiga wuta shi kaɗai. Akwai na bayanka, riƙe da tiyo, yana jiƙa ka tun daga ƙeya har dunduniya, kuma ba ya ɗauke ido daga kanka. Ya ce nasa wani Bazabarme ne wanda ba ya jin Hausa sai zagi. "Shi ne gwanin, ba ni ba. Da ya yi atishawa ran nan, da tokata aka kawo muku a ƙwarya."

Ya fito da hoto aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu. Ga shi tsaye cikin rigar nan, ba fuska, sai wani baƙin gilashi. Tsofaffi suka duba, suka dubi juna. Baba Surajo, ƙanin mahaifinsa, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar uban kuma yake sonsa kamar ransa, ya kama hannun hagun Chindo ya shafa ƙullutun nan, ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ni dai na san ba banza Allah ya ƙara maka wanga ba."

Kafin hutun ya ƙare Hambali ya gama ɗinka masa kirari. Gagara-wuta, angon Saudatu, garwashi tabarmarka, harshen wuta rawaninka. Chindo ya ba shi goro ya ce ya bari. Hambali ya karɓi goron ya ƙara baiti.

Bayan 'yan shekaru aka sallame shi, don hayaƙi ya taɓa masa ƙirji, in ya yi gudu kaɗan sai numfashinsa ya riƙa fito. Ya dawo gida wurin matarsa Saudatu, ya ɗauki hauya kamar kowa. Hatsi da gujiya yake nomawa, yana da tumaki 'yan kaɗan. Mutum ne mai sanyin magana, mai son zama da tsofaffin mata yana tsokanarsu. In ya ga an bar murhu da wuta kusa da danga sai ya tsaya ya tura garwashin ciki da ƙafa, ya ce, "Inna, wannan kishi take da jinkarki." A ƙofar gidansa kullum akwai manyan tuluna biyu cike da ruwa, da tarin yashi a gefe. Ba a sha daga cikinsu, ba a alwala da su.

Ya so ƙwarai ya koya wa gari abu ɗaya. Ya ce in gobara ta tashi kada kowa ya ruga wurin wutar. A yi layi daga rijiya, tulu ya bi hannu zuwa hannu, na ƙarshe ya jiƙa wanda zai shiga. Ya tara samari ya gwada musu sau ɗaya, suka mai da abin wasa, suka jiƙa juna, suka fasa wa wata tsohuwa tulu. Mai gari ya ce, "Chindo, garin da ke da kai mi za ya yi da layi?"

Wannan magana ita ta fi ci masa rai. Duk yadda ya yi ya nuna musu shi mutum ne mai fata, sai su juya abin. Ran Salla maƙera suna wasan wuta, sarkinsu ya fiddo jan ƙarfe daga maƙera ya miƙa masa, Chindo ya ja da baya ya ce shi ba ya iyawa. Aka ce ai mai abu ba ya nunawa a kasuwa. Ya kware hannun riga ya nuna musu tabon ƙuna a wuyan hannunsa, inda safar hannu ta taɓa zamewa. Aka ce nan ne aka tsaga aka zuba maganin. Wata rana butar shayi ta ƙone shi a gabanmu, ya yi ƙara ya sa yatsa a baki. Hambali ya faɗi ƙasa don dariya, yana cewa, "Ku dube shi, har ya iya kwaikwayonmu!"

Da muka tashi Chindo ya ce mini, "Idi, mutanen nan za su kashe ni da yabo." Na ce masa yabo ba ya kisa. 

A cikin haka ne maganarsa ta farko ta yi ta yawo a gari tana sake kama. Ya ce wutar jirgi ba a zuba mata ruwa. A bakin rijiya ta zama wutar Chindo ba a zuba mata ruwa. Da ta kai zauren mai gari ta zama Chindo ba a zuba masa ruwa in zai shiga wuta, don ruwa ke karya maganin. Har aka samu masu cewa tulunan ƙofar gidansa na aljanunsa ne. Ya ƙaryata a masallaci, ya ƙaryata a kasuwa. Aka ce dole ya ƙaryata, sharaɗin maganin ke nan.

Ranar da abin ya faru bazara ce, bayan azahar, zafi ya kai inda kare ba ya haushi. Mairama matar Sha'ibu tana jego, ba a ma yi suna ba. Sha'ibu ya tafi Gidan Rumji sayen ragon suna. Tana kwance bisa gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, kamar yadda ake yi wa mai jego, tsohuwar da ke kula da ita ta fita neman ganyen wanka. Barci ya ɗauke Mairama. Bakin zane ya sauka kan garwashi, daga zane wuta ta kama tabarmar da ke jingine, daga nan ta hau jinka.

Ina ɗinki a zaurena na ji kururuwa. Na ɗauki tulu na nufi rijiya, yadda Chindo ya ce a yi. Ni kaɗai na samu kaina a can. Duk gari ya tafi kallo.

Da na iso da tulu a kafaɗa, mutane sun kewaye gidan kamar dandalin kokawa. Akwai mata da tuluna cike a kansu, sun fito da su daga gida. Ruwa dai akwai shi. Chindo yana tsaye a tsakiya, ya fizgo wani gwado daga kan danga ya yafa, ya buɗe hannuwa yana cewa, "Ku jiƙa ni! Ku jiƙa gwadon!"

Wata mata ta fara sauke tulunta. Sai Baba Surajo ya shiga tsakani ya ware hannuwa, idonsa cike da hawaye. Ya ce, "Kak ku zuba! Wanda duk ya zuba mai ruwa shi ya kashe mini ɗa!"

Chindo ya ce, "Baba, don girman Allah, ba ni da komi. Ruwa nika so."

"Na sani, ɗana. Dole ka ce haka. Shiga, muna nan."

Na kutsa ina ihu a ba ni hanya. Mutum biyu suka riƙe ni, ɗaya ta wuya, ɗaya ta hannu, mutanen da muka yi kaciya tare. Tulun ya suɓuce ya fashe, ruwan ya bi yashi a banza, tsakaninsa da ƙafar Chindo bai fi tsawon tabarma ba. Daga cikin ɗaki Mairama ta yi wata ƙara. Chindo ya dubi ruwan da ƙasa ke shanyewa, ya dube ni, ya ja busasshen gwado ya rufe kai ya shiga.

Hambali ya ɗora hannu a kunne ya fara kirari.

Chindo ya fito da Mairama a kafaɗa ya ajiye ta, gwadon yana hayaƙi, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Mata suka rangaɗa guɗa. Guɗa, kamar an kawo amarya. Mairama ta kama ƙafarsa tana cewa, "Ɗiyata, ɗiyata tana ciki." Ya ɗaga kai ya sake cewa, da muryar da ta kusa ƙarewa, "Ruwa." Wani daga baya ya ce, "Allah ya ƙara maka, Gagara-wuta!" Ya koma.

Yana ciki jinkar ta rufta.

Ya fito da rarrafe, da gwiwa da hannu ɗaya, ɗayan hannun ya manne jaririyar a cikinsa cikin gwado. Bayansa duk wuta ne, tun daga ƙeya har ƙugu. Kuma wallahi, na rantse da wanda raina ke hannunsa, ba su daina guɗa ba. Sun ɗauka ado ne. Na ji wani yana gaya wa na kusa da shi, "Ka gani? Ko a jikinshi." Ni kuwa ina jin ƙaurin naman abokina.

Saudatu ce ta kawo ƙarshen abin. Daga gidansu ta taho da ɗaya daga cikin tulunan ƙofa, wanda ƙato ma sai ya yi nishi kafin ya ɗaga.  Baba Surajo ya tare ta, ta bangaje shi da kafaɗa, surukinta, ya faɗi zaune. Ta juye tulun duka a bayan mijinta. Wutar ta mutu. Da hayaƙin ya washe aka ga abin da ke ƙarƙashi, sai guɗar ta tsaya a maƙogwaro.

Jaririyar ko gashin kanta bai ƙone ba.

Nan take masu magani suka yi yawa. Wannan ya kawo ɗanyen ƙwai, wancan kashin shanu, wani tawada. Chindo yana kwance rub da ciki ya ce kada a shafa masa komai, a rufe shi da zane mai tsabta a yi ta jiƙawa. A wannan karon ma sai da aka dubi Baba Surajo tukuna. Ni da Saudatu muka ɗora shi a amalanken shanu muka nufi babbar hanya, ko Allah zai kawo motar gujiya ta kai mu asibitin Maradi.

Ruwan da muka ɗauko ya ƙare a hanya. Muka tarar da wani Bafillace da garkensa a gindin wata ƙirya, daga baya na ji sunansa Amadu. Ya leƙa amalanken, ya ce, "Subhanalla. Ndiyam, ruwa," ya kwance gorarsa ya juye a kan zanen, ya ruga ya karɓo ta matarsa ya ƙara. Bai san Chindo ba, bai taɓa jin kirarinsa ba. Mutum ya gani ya ƙone.

Chindo ya ɗan farfaɗo. Ya ce, "Idi, kana nan?"

Na ce, "Ina nan, ɗan'uwa."

"Ɗiyar fa?"

Saudatu ta ce, "Tana shan nono, maigida. Yi shiru."

Numfashinsa yana ta fito. Sai ya ce, "Idi, ka ga farar da ta yi ja?" Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Na riƙe hannunsa na hagu, shi wuta ba ta taɓa ba, babban yatsana a kan ƙullutun nan. Ya ce in gaya wa Baba Surajo ya yafe masa. Na ce ba zan gaya masa ba. Ya ce, "Za ka gaya mai. So ne ya yi mai yawa." Ya yi kalmar shahada, Saudatu tana tayawa. Ba mu kai hanyar mota ba. Muka juya kan shanun.

Kafin mu iso labari ya riga mu. Da muka shigo ƙofar gidansa na ga abin da har yau ban manta ba. Tuluna. Layi guda tun daga rijiya har zauren Chindo, maza da mata, tulu yana bin hannu zuwa hannu, ba mai magana, ba mai fasa ko ɗaya. Daidai yadda ya koya musu. Ashe sun iya. Ruwan wankan gawa suke kawowa, wanda zai isa a wanke mutum goma. Baba Surajo ne a ƙarshen layin, shi ke karɓa yana ajiyewa.

Liman ya duba jikin ya ce ba za a cuɗa ba, fatar ba za ta ɗauka ba, a zuba ruwa kawai a hankali. Ya ce wa zai zuba. Na ce ni.

Ina cikin zuba wa abokina ruwa, ta bayan zana ina jin masu zaman makoki. Muryar Hambali ce, ya sassauta ta kamar mai ta'aziyya. Yana cewa ai kowa ya gani da idonsa, sau biyu mutumin nan ya shiga ya fito yana tafiya, wuta tana bayansa ko gezau bai yi ba. Sai da matar nan ta watsa masa ruwa ya faɗi. Wani ya ce haka ne. Wani ya ce mace ba ta da haƙuri. Wani ya tambaya ko an san inda ya ajiye layar, kada ta faɗa hannun da bai dace ba. Saudatu tana ɗaki, danga ɗaya tsakaninta da su, tana jin komai.

Na isar wa Baba Surajo saƙon, don Chindo ya sa ni. Ya yi kuka ya ce shi ma ya yafe wa Saudatu.

Ran suna aka sa wa yarinyar Salamatu. Da Saudatu ta gama takaba ta koma gidan iyayenta wajen Gazawa, don ba mai karɓar ruwa daga hannunta a garin. Tulun da ya rage a ƙofar Chindo ni na ɗauke shi. Yana ƙofata, cike, da yashi a gefe. Yara suna kewaye shi in za su wuce, an gaya musu na aljanu ne.

Allah ya sanyaya makwancinka, Chindo. Ran nan na zuba maka tun daga ƙeya har dunduniya, yadda ka ce na baya yake yi, ban ɗauke ido daga kanka ba.